Tabar da Ke Buɗe Ido da Magariba

Mai gidana manomin taba ne. A Bakura kowa ya san shi da Falalu Mai Taba, ni kuwa Malam nake ce masa, kuma ko yanzu da na faɗi sunan sai da na ɗan waiga. Ya fi shekara ashirin yana noman taba a fadama, tun yana bin mahaifinsa da gora. Mutum ne marar yawan magana. Za ku yini gida ɗaya ba ka ji ya haɗa kalma goma ba, amma ka kuskura ka tambaye shi yadda ake dashen taba, to ka nemi wurin zama, don tuwonka sai ya huce.

Shekarar da aka tare gulbi a Bakolori don gina dam, ruwa bai hau fadamarmu ba. Shekara ta zagayo, bai hau ba. Ɗayar gonarmu ta gefen hanya kuma manyan motoci suka shiga suka baje ta tare da na mutane, aka ce a yi haƙuri, in an gama jan ruwan dam zuwa gonaki za a mayar wa kowa tasa. Ta tudu kaɗai ta rage mana. Gero dai mun samu, ni ma ina ƙuli-ƙulina, yunwa ba ta shigo mana gida ba. Abin da ya shigo mana shi ne namiji marar aikin yi.

Wadda ba ta taɓa zama da irin wannan ba, ba za ta gane ba. Malam ya sake wa rumbu jinka, bayan mako biyu ya kwance ya sake. Ya gyara turken akuya. Ya wasa duk wuƙar da ke gidan, har wadda nake kankare ƙanzo da ita. Da ya rasa abin taɓawa sai ya dawo bakin murhu yana koya mini tuƙin tuwo, ni da nake tuƙa shi tun ban kai tsawon muciya ba. Ina ƙunƙuni, amma a raina tausayinsa nake ji. Sau da yawa nakan gan shi zaune yana murza yatsunsa, babban yatsa da manuniya, shi kansa bai san yana yi ba.

Damina na gab da ɗaukewa ya kira ni ya ce zai tafi ƙasar Gwari neman ƙasar noma. Akwai wani direba, Maiwada, da ke lodi daga Mafara kowace Talata in kasuwa ta tashi, kuma sun riga sun yi magana. Na ce Allah ya sa alheri, don abin da ake cewa ke nan. Amma a baki kawai. Maƙwabcinmu Audu haka ya tafi, wai wata uku, ga shi shekara biyu, sai gaisuwa a bakin 'yan mota. Kuma na san mijina. In ya sa hannu a ƙasa mai kyau, Bakura ta gama ganinsa. Ni dai ba na son ya tafi, kuma ban san yadda mace ke faɗa wa mutum irin Malam haka ba.

Ana cikin wannan sai ga ƙanena Lauwali bisa keke. Lauwali magidanci ne da iyalinsa, yana aikin lambu a gidajen Turawan da ke gina dam, can wajen Maradun. Tun da ya sami aikin nan ya koyi sa agogo da tafiya da sauri. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen Dosara, garin iyayenmu, ɗaya bayan ɗaya har kaji, sai ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya ba ni. Ya ce matar wani injiniya ce ta ba shi da za ta koma ƙasarsu. Irin wani fure ne, wai da rana barci yake yi, sai magariba yake buɗewa, ƙamshinsa ya cika gida.

"To, ana miya da shi?" na tambaye shi.

"Ba a yi."

"Magani na?"

"Yaya, ƙamshi kawai. Kallo da ƙamshi."

Na ce lalle Turawa ba su da aikin yi. Na buɗe takardar, na ga wani gari-gari baƙi, ko cikin cokali bai kai ba. Lauwali ya ce ya shuka rabi a can, ya sara rami da sungumi, ya zuba, ya rufe da diddige yadda ake yi wa dawa, ya yi ta ban ruwa har mako huɗu, ko ɗaya bai fito ba.

Malam yana gefe yana jinmu. Sai ya miƙo hannu. Ya zuba kaɗan a tafinsa, ya kai wajen haske, ya murza, ya sansana.

"Lauwali, kai dai an yi asarar agogo," ya ce. "Wanga ai irin taba na. Wa ya ce maka ana bizne irin taba?"

"Malam, ba taba ba ta. Hure na, na Turai."

"Taba ta. Ko daga Makka anka kawo ta, taba ta. In ka bizne ta, ka kashe ta."

Suka yi ta musu, Lauwali yana rantsuwa da abin da Baturiya ta faɗa masa, Malam yana rantsuwa da idonsa. Rabon da in ji muryar mijina ta ɗaga haka tun fadama na fadama. Nan take dabara ta zo mini. Na naɗe takardar na ce ai shi ke nan, sai a zubar, tun da mai iya ta tafiya zai yi, ni kuwa ban san kanta ba.

Malam ya sake miƙo hannu. Ya ce, "Kawo."

"Ai Talata za ka tahi."

"Ban taɓa barin shuka rabi ba. Sai na ga idon abin ga, in nuna ma ƙanenki taba ta. Ran da tab buɗe, Talatad da ab biye in hau mota."

Washegari tun da sassafe ya share wuri tsakanin rijiya da katanga. Ya tara ciyawa ya ƙone a kai, ya bari ƙasar ta huce, ya marmashe ta da hannu har ta yi laushin garin tuwo. Ya gauraya irin da toka don ya ga inda ya faɗa, ya barbaɗa, ya danna da tafin hannu a hankali. Bai rufe da ƙasa ba, sai siririyar ciyawa da ya shimfiɗa a sama. Ban ruwa kuwa da tsintsiya yake yi, ya tsoma a ƙwarya ya yarfa, safe da yamma. Ya kafa mini doka uku: kada kaza ta je wurin, kada in zubar da ruwan wanke-wanke ta wajen, kada in ɗaga ciyawar in leƙa. Ta ukun kullum sai na karya ta.

Kwana tara ba komai. Ran na goma ya kira ni da wata murya kamar an yi masa haihuwa. Na durƙusa na duba, na ce ni ban ga komai ba. Ya ce in ƙara dubawa. Sai na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore, ƙanana ƙwarai, sun cika wurin. Ranar Malam ya ci tuwo har ya nemi ƙari, kuma bai ce ya yi ruwa ba.

Da suka yi ganye huɗu ya rage su. Da suka kai tsawon yatsa ya dasa talatin da biyu a jere, sauran ya ce ba su da ƙashi. Ya samo takin awaki ya daka. Duk safiya sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya juya ganye ya duba tsutsa. Ganyen ya fito da faɗi, da ɗan danƙo in ka taɓa, sak na taba. Ya aika wa Lauwali saƙo ta bakin wani mai kai itace cewa ya zo ya ga abin Turawansa. Ni kuwa ina lissafin Talata. Kowace ta wuce sai in ji daɗi, sai kuma in dubi tsiron in ga ya ƙara tsawo, daɗin ya ragu.

A Talata ta goma suka fara fitar da kai. Kara ya miƙe daga tsakiyar kowace, da 'yan ƙullaye a samansa. Na gani tun da yamma, na kwana da shi a raina.

Da safe ina hura wuta sai ga Malam tsaye a kaina, hularsa a hannu, cike da wani abu kore. Fuskarsa kamar wanda ya taka Alƙur'ani bai sani ba.

"Tabawa," ya ce, "na yi ɓarna."

Ashe ya dawo daga sallar asuba, ya ɗebo ruwa, ya shiga cikinsu. Shi kuwa manomin taba, da zarar ta fitar da kai sai ya tsinke shi, don ƙarfin ya koma ganye. Mai barin taba ta yi fure rago ne, ko kuwa iri yake so. Shekara ashirin hannunsa na wannan aikin. Yana tafe yana tasbihi, yatsun nan biyu suna aikinsu, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Sai da ya kai ta ƙarshe, ya tsaya yana yaba aikinsa, sannan ya tuna furen ake jira.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na cije leɓe, na sunkuyar da kai kamar hayaƙi ne ya dame ni. Amma da na sake duban hular nan, dariya ta ƙwace mini har na zauna a ƙasa. Ya tsaya yana kallona, can shi ma ya fara, yana girgiza kai yana salati.

"Yanzu sun mutu ke nan?" na tambaya, bayan na share hawaye.

"Ina hwa. Za su yi rassa ta gehe, kowane reshe da kainai. Sai dai a ƙara jira, mako ukku."

Mako uku! Na ce wayyo, abin bai yi daɗi ba. Na juya na ci gaba da hura wuta don kada ya ga fuskata.

Ran nan da hantsi, bayan ya fita, Inna Gimbiya ta yi sallama. Tsohuwa ce mai tallar goro da furen taba, ba gidan da ba ta shiga a unguwarmu. A lokacinmu kwalliyar mace ba ta cika sai ta ci goro ta goga furen taba a haƙora sun yi ja. Amma tun da fadama ta bushe fure ya yi wuya, faifan Inna goro kaɗai ke kai. Idonta ya faɗa kan kawunan da Malam ya zubar a gefen turmi, daga nan ya wuce bayan rijiya.

"Ɗiyata, mi nike gani haka? Taba cikin gida?"

Na ba ta labari. Ta ɗauki ƙulli ɗaya ta murza ta goga a haƙoranta huɗu da suka rage, ta tsotsa.

"Bai kama awa na hwadama ba," ta ce, "amma shina da daɗin baki. In sun sake hitowa, ki tuna da ni."

Na tuna da ita kuwa. Mako uku na cika, rassa suka fito, kowace tsiro da huɗu ko biyar, ƙullaye suka yi tsawo kamar 'yan kakaki. Malam yana tafe a cikinsu da hannuwansa a baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya, don kada su sake cin amanarsa. Kullum da hantsi yakan tafi gindin durumin bakin kasuwa, inda maza ke zama jiran labarin gonaki. Yana fita, Inna Gimbiya na shigowa. Duk ƙullin da ya yi tsawo ya fara fari, ta tsinke ta jefa ƙarƙashin goro. Ni ke nuna mata da haɓa. Ko sau ɗaya ban goga a haƙorana ba, ni ba wawuya ba ce.

Malam mutum ne mai ƙirga abinsa. Kwana biyu ya gane ana ragewa. Ya tsaya ya yi nazari, sannan ya juya ya dubi akuyata. Ita kuma baiwar Allah ta ɗago kai tana tuƙa, kamar mai amsa laifi. Aka gajarce mata igiya. Ƙullaye ba su daina ɓata ba. Ya yo ƙaya ya kewaye wurin, ya bar 'yar ƙofa, wadda ta yi wa Inna daidai. Sannan ya ce tsuntsaye ne, ya rataya gwangwanaye da tsummoki. Yana tambayata ko na ga wani abu, ina cewa ni ina ɗaka ina aikina. Ƙarya ce, kuma tana ci mini rai, musamman in na haɗa ido da akuyar nan. Amma Talata biyu suka wuce mijina yana gida, kuma duk wanda ya ce in yi nadama a lokacin, da ya sha kunya.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen Bakura ba sa cin alheri su yi shiru. Inna Gimbiya ta bi gidaje da abin, tana cewa furen Turai ne daga gidan Malam Falalu. Ranar wata Lahadi, ana zaune gindin durumi, Ɗan Juma mahauci ya zo ya durƙusa gaban Malam. Ya gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, sannan ya gyara murya gaban mutane ya ce mai ɗakinsa ta ce a yi godiya ƙwarai, sun ga fure, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Kafin Malam ya rufe baki, mutum biyu suka ce ai su ma an ba su saƙon godiyar, mantawa suka yi.

Ya dawo gida kafin azahar. Ya yi sallama, ya wuce ni, ya je ya kwance wa akuya igiya ya mayar mata da doguwar. Ya kwashe gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zauna bakin rijiya ya kira ni. Na zo na durƙusa nesa kaɗan.

"Tsohuwag ga tana shigowa ba ki sani ba?"

"Na sani."

"Ke kika ce ta ɗiba?"

"Ni na ce."

"Don mi?"

Na shirya ƙarya kusan uku a hanya daga murhu zuwa rijiya, amma ko ɗaya ba ta fito ba.

"Don kar shi buɗe," na ce. "Ka ce ran da yab buɗe za ka tahi. Ni kau ban son ka tahi, Malam. Ban so. Ko tuwon za ka yi ta koya min har in mutu, na yarda."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, shekara goma sha shida da aurenmu. Kunya ta rufe ni, na ja gyale na rufe fuska.  Ina jin yadda yake jan numfashi.

"Ke kina ganin daɗi nike ji?" ya ce a hankali. "In tashi da sahe, in rasa inda za ni? Mutum da hannunai, shina zaune ƙarƙashin icce awa tsoho?"

Gaskiya ya faɗa.

"Daga yau kar hannu shi sake taɓa su," ya ce. "Na ga guda shidda da tsohuwar ba ta gani ba, can wajen katanga. Gobe da magariba za su buɗe."

Gobe Litinin. Ban buƙaci a faɗa mini ranar da ke biye ba.

Litinin na yini ina haɗa guzuri. Na daka gumba, na soya ƙuli, na yi yaji na ƙulle a tsumma. Na wanke masa riguna biyu. In zai tafi, ba za a ce matarsa ta sallame shi hannu wofi ba. Shi kuwa bai fita ba ranar. Da Inna Gimbiya ta yi sallama ta gan shi zaune, sai ta gaishe shi da kyau, ta tambaye shi ko yana son goro, ta juya da sauri irin na yarinya.

Da rana na leƙa wurin. Ba guda shida ba ne ma, sun fi ashirin, don kwana ɗaya da aka ƙyale su sun samu sarari. Amma duk sun langaɓe, sun sunkuyar da kai, ba kyan gani. Na ce a raina, a kan wannan abin ne zan rasa miji?

Aka kira magariba, Malam ya tafi masallaci. Na yi sallata a ƙofar ɗaki. Ina zaune kan tabarma ban tashi ba, sai na ji wani abu ya shigo mini hanci. Na ɗauka wata ce ta wuce bayan katanga da turare. Amma ba turaren wuta ba ne, ba na kwalba ba, wani ƙamshi ne mai sanyi da zaƙi, yana zuwa yana komawa da iska. Na tashi na zagaya rijiya. Abubuwan nan da suka yini a langaɓe duk sun miƙe, kowanne ya buɗe baki fari fat, mai kusurwa biyar, suna haske a cikin duhun da ya fara sauka. Na tsaya riƙe da bakin rijiya. Na so in ji haushinsu, wallahi na so, amma abin ya yi kyau.

Ta bayan katanga matar Audu ta ɗaga murya. "Tabawa! Mi kika ƙona haka? Ko biki za ku yi ba ku hwaɗi ba?"

Sai na ji hayaniya a zaure. Maza ne suka biyo Malam daga masallaci, ƙamshin ya tare su tun daga lungu. Ya shigo shi kaɗai, ya wuce ni, ya tsaya gaban shukarsa. Ya sunkuya ya sansana ɗaya, ya daɗe a haka. Sannan ya karyo reshe guda ya fita da shi.

Na matsa jikin zaure ina saurare, ba zan ɓoye ba. Reshen yana yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce wannan ba taba ba ce, Malam ya ce ya shafa ganyen ya ji. Wani ya tambaya yadda aka yi ta fito, shi ke nan aka taɓo wurin. Malam ya fara daga ƙona ciyawa, ya bi ta toka, ya bi ta tsintsiya. Ɗan Juma ya ce shi fa yana so a bayan ɗakinsa, ko ƙarnin fata ya ragu. Liman ya ce a gefen masallaci ma akwai wuri kusa da randa. Wani ya ce shi irin taba bai taɓa yi masa ba, sai dai in Malam zai zo ya yi masa da hannunsa. Suka yi ta yi har aka kusa kiran isha.

Da suka watse ya shigo. Na kawo masa tuwo, na ajiye ƙullin guzurin a gefen tabarma inda zai gani. Ya dube shi. Bai taɓa tuwon ba kuma. Ya ce in ba shi wani tsohon zane da ba na so. Na kawo, ya yayyage shi siri-siri, ya ɗauki fitila ya nufi bayan rijiya. Na bi shi.

Yana bin su yana dubawa, in ya ga mai kauri mai yawan fure sai ya ɗaura mata tsumma a wuya. Ya ɗaura wa bakwai.

"Wannan kuma na mine ne?" na tambaya.

"Na iri. Waɗanga ko tsohuwarki ta zaka, ki ce mata masu ƙyalle ba a taɓa su. Sauran ta ɗiba, amma da sahe, bayan sun gama aikinsu."

"Iri kwana nawa shika yi shi nuna?"

"Wata guda da 'yan kwanakki. Sai kwanson ya bushe, kuma sai an tsare, in ba haka ba shi hwashe shi zube ƙasa."

Na daure na tambaya.

"To, motar gobe hwa?"

Ya ɗaure tsumman ƙarshe, ya ja shi ya ji ya kama.

"Maiwada ya san hanya," ya ce.

"In irin ya nuna kuma?"

Ya ɗago fitilar ya dube ni, kamar na yi tambayar da ko yaro ba zai yi ba.

"Tabawa, iri in ya nuna ai shuka shi akan yi. Ba ki ji mutum nawa ka jira ba?"

Na ce na ji. Na ce bari in je in ɗumama masa miya, ta huce. Na shiga ɗakin girki na zauna gaban murhu, na yi kukana mai isata, ina yi ina dariya, miyar na tafasa har ta kusa kamawa.